Lemu mai hawa uku

Duk shekara idan bazara ta kama, mangwaro ya cika kasuwar Maraɗi har ƙudaje sun ƙoshi, sai in tuna da wani dare na watan Afirilun 1994 da na kwana tsugune a madafi, ni da nake magidanci mai iyali, ina tace zoɓo da ɗankwalin matata. Na daɗe ina ɓoye wannan labari domin a lokacin abin kunya na ɗauke shi. Yanzu da furfura ta gama cin kaina, kuma yawancin waɗanda zan ji kunyarsu sun riga mu gidan gaskiya, na ga babu laifi in ba masu karatu shi, tare da yadda ake haɗa abin shan da ya fid da ni a ranar.

Ma'aikatan da suka ga wancan zamani ba su bukatar a tuna musu. Ranar 12 ga Janairun 1994 muka wayi gari an karya darajar kuɗinmu da rabi: faran ɗaya na Faransa da muka saba canzawa sefa 50 ya koma sefa 100. Duk abin da ke shigowa daga waje ya ɗaga kai, tun daga sukari da madara har maganin asibiti. Albashi kuwa dama ya daina zuwa kan kari. Wata ya mutu, wani ya tsaya, shi ma ya mutu, muna nan muna leƙen hanya. Ni akawu ne a wani biro, maiɗakina kuma madam ce, tana koyar da yara a lakol, watau mu biyu rijiya guda muke jira, rijiyar kuma ta ƙafe.

Cikin wannan hali Allah ya sauke ta lafiya, aka samu ɗiya mace, ta uku a gidan. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Rago na same shi bashi wurin wani dattijo da ke kawo mana itace daga ƙauye, duk da cewa layya na tafe cikin watan Mayu kuma dabbobi sun fara tsada. Goro da dabino na fatihar safe su ma na lallaɓa. Abin da ya hana ni barci shi ne zaman marece. A tsakaninmu ma'aikata al'ada ta riga ta kafu cewa bayan la'asar abokan aiki za su zo su zauna bisa kujeru a ƙofar gida, a kawo nama, a jera akwatunan lemun kwalba cikin bahon ƙanƙara. Babu mai faɗa da baki, amma kowa na ƙirga akwatunan da ido, kuma washegari a biro za a san nawa aka sha a gidan wane. Ni kaina na sha yin wannan ƙirga a gidajen mutane. Da na lalube aljihu, jikka biyu da ƴan canji suka rage mini.

Ina da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗan kasuwa. Shi mahaifinmu ya riƙe a rumfa, ni kuma aka ba da ni lakol domin an ce dole kowane gida ya ba da yaro. Zamanin da kuɗin uraniyom ke gudana, wajen ƙarshen shekarun 1970, ni ne abin nunawa a dangi, mai albashi da babur da rigar Turawa. A 1979 ya zo neman rancen jari wurina zai fara bin hanyar Katsina da Kano. Na ba shi, amma sai da na zaunar da shi na yi masa dogon wa'azi a kan cewa ɗan kasuwar da ba ya rubuta shiga da fita, jakin wani yake kiwo. Ya saurara, kansa a ƙasa, shi da ya girme ni da shekara bakwai. Ya biya ni cikin wata huɗu. Kafin 1994 ya je Makka sau biyu, ya gina bene, motocinsa na kaya suna zirga-zirga har Kwatano.

Rana ta uku da haihuwa ya zo barka. Muna zaune a zaure tare da mutane, sai ya juyo ya ce, "Akawu, akwati nawa za a kawo ranar suna? Ka faɗi, yaro ya sauke su."

Yau na san da zuciya ɗaya ya faɗa. A ranar kuwa ji na yi kamar ya maido mini da wa'azina na shekara goma sha biyar a bainar jama'a. Na ce, "Yaya Alhaji, ai an riga an shirya komai." Ya dube ni ɗan lokaci, ya ce madalla, ya ɗauko wata magana.

Ɗakin mai jego yana jikin zauren, ta ji komai. Da dare ta ce, "Malam, me aka shirya?" Na yi shiru. Ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Sai ta tambaye ni ko na tuna wata liyafa da muka je a wani otal a Yamai farkon aurenmu, inda mai raba abin sha ya zuba ruwan lemun zaƙi a kofin gilashi, sannan ya tsiyaya jan siro na garenadin, siron ya ratsa ya kwanta a ƙasa, kofin ya koma kamar hudowar rana. Na ce na tuna, har na ɗauka wani sihirin Turawa ne. Ta yi dariya har ta dafe ciki. Ta ce babu wani sihiri, darasin ƴan aji biyar ne: abin da ya sa man gyaɗa ke tasowa bisa ruwa, shi ne ya sa siro ke nutsewa. Mai nauyi ƙasa, marar nauyi sama. Kuma abin da ke ba ruwa nauyi a nan sukari ne.

Ga lissafin kamar yadda ta yi mini shi, domin na san ƴan kasuwa sun fi yarda da ma'auni. Litar ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. In ka narka kilon sukari a cikinta, nauyi ya zama kilo biyu, amma yawan ruwan bai kai litar biyu ba, yana tsayawa wajen litar ɗaya da rabi da ɗan ɗori. Ke nan kowace litar ta wannan siro ta kusa kilo ɗaya da kwata. Ruwan ƴaƴan itace irin lemun zaƙi, da zaƙin da Allah ya yi masa kawai, litarsa ba ta wuce kilo ɗaya da giram 50 ba. Ruwan da ba a sa wa sukari ba kuwa yana nan a kilonsa ɗaya. Wannan ɗan bambanci shi ne dukan asirin. Ta ce garenadin na kanti, wanda sunansa daga rumman ya samo asali, ba mu da kuɗinsa kuma ba mu bukatarsa, tunda zoɓo ya fi shi ja. Mangwaro kuwa a watan nan har awaki sun gaji da shi.

Na ce, to sukarin fa? Ta ce tana da ajiya. Ban tambaya ba. Namijin da ya yi ƙarya da rana ba ya tsananta bincike da dare.

Ita ba ta da ikon tashi. Tana cikin wankan jego, gwaggonta na tsaye kanta da tafasasshen ruwa safe da marece. Saboda haka aiki ya faɗo kaina ni da ƙanwata, ita kuma tana ba da umurni daga bakin ƙofa, jaririya a cinya. Mun bari sai da gida ya yi barci, domin ban so maƙwabta su ga akawun gwamnati yana hura wuta.

Gwajin farko ya lalace, kuma ni na lalata shi. Hannuna ya saba da zuba shayi, inda ake ɗaga buta sama domin a samu kumfa. Haka na ɗaga moɗa na kwarara mangwaro bisa zoɓo, nan take suka cakuɗe suka zama kalar ruwan gulbi a farkon damina. Gwaji na biyu gwaggo ce ta kashe shi. Ta farka ta ɗanɗana zoɓon, ta ce tsaminsa ya yi yawa, kafin mu ankara ta jefa ƴar kanwa a tukunya kamar yadda ta saba. Tsami ya ragu, gaskiya ne, amma jan nan mai haske ya dushe ya koma wani baƙi-baƙi marar kyan gani. Launin zoɓo da tsaminsa tare suke tafiya, kanwa in ta kashe ɗaya sai ta taɓa ɗayan. Muka zubar, muka sake ɗora wani, ƙanwata na ƙunƙuni, gwaggo na cewa ita tun da take ba ta taɓa ganin inda ake yi wa abin sha kwalliya kamar amarya ba.

A karo na uku ya tsaya. Ga yadda muka yi, kuma har yau haka ake yi a gidana.

Hawa na ƙasa zoɓo ne, wanda yaran yanzu ke kira bisap. A wanke shi sosai domin yana zuwa da rairayi, a tafasa cikin hannu uku ko huɗu a ruwa kaɗan tare da kanumfari, har ruwan ya yi ja wur. A tace da ƙyalle mai tsabta. Tun yana da zafi a zuba sukari, kilo ɗaya ga kowace litar, a juya har ya narke, a bar shi ya huce sarai. In an ɗiga shi a faranti zai yi tafiyar zuma-zuma. Kada a ji tsoron zaƙinsa, domin kaurin yatsa biyu kawai ake sa wa kowane kofi, kuma abin da kilo guda ya bayar yana isar kofi arba'in.

Hawa na tsakiya mangwaro ne nunanne. Mai aure ya fi sauƙin aiki tunda ba shi da zare, amma mu a daren nan ƙananan nan na gargajiya muka samu, masu zare kamar gemun tsoho, muka matse su da hannu muka tura ta rariya. Ni har yanzu na fi son ƙanshinsu. A sassauta shi da ruwa kaɗan har ya riƙa zuba daga cokali ba tare da ya yi guda ba, kuma ba a sa masa sukari. Kaurinsa na taimakawa, domin yana zama kamar katanga tsakanin na ƙasa da na sama.

Hawa na sama ruwan citta ne da lemun tsami, ba sukari ko ƙwaya. A daka ɗanyar citta, a jiƙa, a tace, a matsa lemu. Shi kaɗai ba ya shawuwa, yaji da tsami ne zalla, amma an yi shi ne domin ya gamu da zaƙin da ke jiransa a ƙasa. Wanda yake da na'a-na'a ya ɗora ganye biyu a kai. Wanda yake son fari a madadin wannan, ya jiƙa garin ƴaƴan kuka ya tace shi tsararo. Abin da ba zan ba da shawara ba shi ne madara, domin da ta taɓa tsamin zoɓo ko na lemu sai ta tsinke ta yi gudaji.

Saura zubi, kuma nan ne aikin yake. Komai ya zama da sanyi, domin ruwa mai ɗumi ya fi saurin cakuɗewa. A fara zuba siron a gindin kofi ba tare da ya shafi gefe ba. A cika kofin da ƙananan gutsattsarin ƙanƙara. Sannan a kifa cokali a cikin kofin, bakinsa na taɓa gilashi, a tsiyaya mangwaro bisa bayansa sannu a hankali, kamar mai ɗura wa jariri ruwa. Haka za a yi wa na sama. Maiɗakina ce ta ce a yi amfani da butar shayi, tunda bakinta siriri ne, amma a kwantar da ita dab da kofin. Sai da na yi kofi kusan goma kafin hannuna ya daina neman ɗagawa.

Da muka ɗaga kofi na farko da ya tsaya a gaban fitilar ƙwai, ja a ƙasa, rawaya a tsakiya, fari-fari a sama, gwaggo ta yi salati. Mai jego ta miƙo hannu ta karɓa, ta juya shi a haske, ta maido. Ba a ba mai jego abu mai sanyi. Ita kunun kanwa ta sha ranar sunan, ba ta ɗanɗana ko kurɓi ɗaya ba.

Akwai matsalolin da lissafi bai hango ba. Wannan abu ba ya yiwuwa a kofin roba ko na tasa, domin in ido bai gani ba wahalar banza aka yi. Ƙanwata ta bi gidaje shida kafin ta tara kofunan gilashi ashirin da huɗu, babu biyu masu kama da juna. Ƙanƙara kuma mun yi alkawari da wata maƙwabciya mai firigo, sai aka ɗauke kuran tun hantsi, kamar yadda aka saba a bazara. Abin da muka karɓo rabinsa ya zama ruwa. Muka naɗe sauran a buhu cikin garin katako, tulunan mangwaro da na citta kuma muka jera su gindin randa muka lulluɓe da jiƙaƙƙen tsumma. A watan da zafi ke haura maki 40, mutum ya kan koma ya girmama randar kakarsa.

Bayan la'asar kujeru suka cika. Na ga idanu suna neman bahon kwalabe, babu. Zufa ta jiƙa mini riga, ba ta zafin rana kaɗai ba. Sai ga yara sun fito da tire biyu. Zance ya tsaya. Shugaban biro ɗinmu, mutumin da ya yi karatu a Faransa kuma ba ya barin kowa ya manta, ya ɗaga kofinsa ya duba ta ƙasa ya duba ta sama, ya tambaya daga wane otal aka yi oda. Wani ya ƙi shan nasa yana ta kallo har ƙanƙarar ta narke. Hawan ba ya daɗewa, bayan kamar kwata na awa iyakokin sun fara shiga juna, saboda haka sai an zuba a kawo nan take. Ni da ƙanwata muka yi ta kai da komo, a wanke kofi, a sake zubawa, har aka kira magariba.

Yaya Alhaji ya zo a makare. Aka miƙa masa, ya riƙe kofin a tafin hannu kamar mai auna zinariya. Ya ce, "Akawu, ashe kai ma ka gina bene. Hawa uku ma, ka fi ni da ɗaya." Aka fashe da dariya. Bai tsaya kallo ba, ya sa cokali ya gauraye shi tas, ya shanye a tashi guda, ya ce a ƙaro. Gaskiyarsa kuwa, domin haka ake shansa. Wanda ya sha ba gaurayawa zai fara da yaji ya ƙare da zuma. Da zai tafi ya ja ni gefe ya tambayi nawa kowane kofi ya ci. Na yi masa lissafin zoɓo da mangwaro da citta da ƙanƙara. Ya ce, "Sukari fa?" Na ce na gida ne. Ya gyaɗa kai ya shiga mota.

Ya rasu bayan shekara goma sha bakwai. Da aka zo rabon gado, ni aka ɗora wa duba takardunsa. Cikin wani akwatin ƙarfe na tarar da littattafai sun fi talatin, irin na ƴan lakol, duka da ajami da hannunsa, shiga da fita, rana bi rana. Na farkonsu na shekarar da ya karɓi rancena ne. Na zauna ina buɗawa, ba don gado ba, har na kai Zulƙida ta 1414. A nan na ga layi guda: sukari kilo biyar, gidan Akawu, ta hannun Hajiya. A gefen da yake rubuta sunan mai bashi ya ja layi, bai rubuta komai ba.

Na dawo gida na tambayi maiɗakina. Ta ce ranar da ya zo barka, da ya fita zaure ya aiko matarsa da dare, ta ce Alhaji ya ce ya san ƙanensa, ba zai karɓi akwati ba, to me za a kawo wanda ba zai gani ba? Ita kuma ta ce sukari. Shekara goma sha bakwai su uku suna riƙe da wannan, ina ta ba da labarin yadda na fid da kaina kunya ba tare da taimakon kowa ba, wani lokaci ma a gabansa.

Jaririyar ranar nan yanzu ita ma uwa ce, kuma ta fi mu gwaninta. Tana da injin markaɗe da firigo nata, tana yin hawa huɗu har biyar da kankana da abarba da gwaiba. Wata shekara ranar 3 ga Agusta ta yi mana tutar ƙasa a kofi: koren siron na'a-na'a a ƙasa, farin kuka a tsakiya, mangwaro tsararo a sama, da ɗan yankan mangwaro manne a jikin gilashi a matsayin rana. Ya yi kyau a ido, amma koren nan na kanti rini ne da sukari, ban ga abin da ya fi zoɓo da shi ba, kuma na faɗa mata.

Ni dai yanzu likita ya hana ni zaƙi. Yatsa biyun nan na siro da ke gindin kofi sun kai ƙwayar sukari huɗu ko biyar, ban da na mangwaro. Saboda haka in an taru a gidana da bazara aka kawo tire, nakan karɓi nawa in riƙe, in kurɓi na sama mai yajin a hankali ba tare da na girgiza ba, in na iso rawaya sai in miƙa wa jikan da ya fi kusa.